Na ga gadar Jebba da idona

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Mutan gida duk suna gaishe ka.

Ka tuna yadda marigayi kakanka yake zaunar da mu a zaure yana ba mu labarin fataucin goro, kullum sai gadar Jebba ta fito a ciki? To, makon jiya na je ta. Wani masunci Banufe ne ya ɗauke ni a kwalekwale da sassafe, muka kutsa ta ƙarƙashinta. Daga ƙasa ake sanin girmanta: ginshiƙai tsaye cikin kogin Kwara, ruwa ya bar musu zane a jiki iya inda yake kaiwa da damina, ƙarafa kuma an ɗinke su da ƙusoshi masu dunƙulallen kai, sahu-sahu. Gadar kashi biyu ce, domin akwai tsibiri a tsakiya, layin dogo ya sauka a kansa ya sake hawa.

Dogo ya iso Jebba daga Ikko tun 1909, amma gada ba ta kammala ba sai 1916. Kafin nan a jirgin ruwa ake ɗora taragai a ƙetare da su. Ina zaune a kwalekwalen ina tunanin buhunan gyaɗa da fatu na Kano da suka bi ta saman kaina zuwa teku, da goron da ya hauro, har da na kakanka. Wallahi sai da idona ya ciko. Can gaba kuma ga dutsen nan da ake kira Juju, tsaye shi kaɗai a cikin ruwa. Kusa da shi jirgin Turawa Dayspring ya farfashe a 1857, malamin mishan ɗin nan Bayarabe, Ajayi Crowther, yana ciki.

Da rana ta yi, masuncin ya ce ba zan bar ƙauyensu da yunwa ba. Mai ɗakinsa ta kawo tuwon shinkafa mai laushi da miyar wake, an zuba manja, ga tarwaɗa da aka sauke daga wajen banda ɗazu-ɗazu, fatarta ta yi baƙi, cikinta fari sol, ƙamshin hayaƙi ya ratsa ta. A gindin mangwaro muka ci, kan tabarma, awaki suna kewaya mu. Na miƙa kuɗi, dattijuwar gidan ta maido mini da hannuna, ta ƙara mini da ƙullin ƙuliƙuli mai yaji. Ka san Nufawa da ƙuliƙuli.

Na jira har la'asar ko jirgi zai wuce in ji ƙarar gadar, bai zo ba. Wannan ya tsaya mini a rai. In Allah ya dawo da kai da Babbar Sallah, ka ware kwana biyu mu koma tare, in nuna maka inda goron ya bi.

Ka gaishe mini da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum.