Yadda ake nutsar da fatsa da dalmar maƙalawa a bayan jirgi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini don in yi magana da masu kamun kifi ta hanyar jan fatsa a bayan jirgi. Kukan da aka fi ji a wurinsu guda ne: kifi ya sauka ƙasa, musamman idan rana ta ƙwalle saman ruwa ya ɗumama, alhali kifin robar da suke ja yana can sama yana rawarsa shi kaɗai. Kifin roba mai leɓe, wato koton da leɓen da ke bakinsa yake sa shi nutsewa idan ana ja, yana da iyakar zurfin da zai kai, ko an saki zare nawa ne. Da yawa sai su ɗaura dalma dab da shi, wannan kuwa yana kashe masa rawa, ya kuma sa kifi ya tsargu.

Maganin shi ne dalmar da ake maƙalawa a jikin zare, nesa da ƙugiya, a cire ta lokacin da ake naɗowa. Kayan ba su da yawa. Akwai maƙali mai baki biyu da aka shimfiɗa wa roba a ciki, kamar abin matse tufa a igiyar shanya, sai ƙaramin zobe, sai dalmar da ke rataye a zoben. Nauyin da aka fi aiki da shi yana farawa daga giram 14 zuwa giram 85, na giram 28 da na giram 57 su ne na yau da kullum. A nemi maƙali mai ɗan tsinke a tsakiyar bakinsa, irin OR16 na kamfanin Off Shore Tackle, a kuma tabbata zaren ya shige bayan tsinken. Idan zaren ya tsaya a gefen baki, kifi na fizga ɗaya dalma ta tafi.

Masuntan manyan tafkunan Amurka ta Arewa suna da wata ƙa'ida da suke kira hamsin da hamsin. A saki zare ƙafa 50, wato kusan mita 15, jirgi yana tafiya. A maƙala dalma. A ƙara sakin wata ƙafa 50. Ba wai akwai wani sirri a lambar ba ne, amfaninta shi ne ta tsayar da tsawon zare wuri guda, ya rage nauyin dalma da gudun jirgi kawai mutum zai riƙa wasa da su. A ruwa mai garau tazarar nan da ke tsakanin dalma da kifin roba tana da amfani sosai. A ruwa mai dauɗa ana iya rage ta zuwa mita 6, hakan ma ya fi sauƙi wajen ciro kifi. Wanda na'urar naɗe zarensa ba ta da ma'auni sai ya yi wa zaren alama da alƙalami marar gogewa a kowace mita 5.

Inda aka fi yin kuskure shi ne gudun jirgi, kuma a ganina ya fi nauyin dalma muhimmanci. Ruwa yana tura zare da dalma sama, turawar kuwa tana ƙaruwa da sauri fiye da yadda gudun yake ƙaruwa: idan gudu ya ninka biyu, turawar ta kusa ninka huɗu. Shi ya sa dalmar da ke nutsewa sosai a gudun kilomita 2 a awa za ta taso da nisa idan aka kai kilomita 4. Mutum zai yi ta ƙara nauyi yana zargin dalma, alhali iska ce ta biyo bayan jirgi ta ƙara masa sauri. Haka nan wajen juyawa: zaren da ke cikin kwana yana rage gudu ya nutse, na waje ya ƙara gudu ya taso. Kwana mai kaifi a wuri mai duwatsu ko kututture asarar kaya ce. Amma kwana mai faɗi dabara ce, domin idan kifi ya riƙa cafkar na ciki, ya gaya maka ke nan ka rage gudu ko ka ƙara zurfi.

Yaya za a san zurfin da aka kai? A je wurin da aka san zurfinsa kuma ƙasansa yashi ne, a riƙe gudu ɗaya, a riƙa sakin zare kaɗan-kaɗan har kan sanda ya fara nuna dalma tana dungurar ƙasa. A rubuta nauyi da tsawon zare da gudu. Kifin roba mai leɓe zai ƙara nutsewa ƙasa da dalmar, wannan ma a sa shi a lissafi. Kuma gara a bi ta saman kifi da mita ɗaya a kan a bi ta ƙarƙashinsa, tunda yawancin kifaye masu farauta daga ƙasa suke tasowa su kai cafka.

Zaren saƙa, wato zaren fatsa da aka kitsa daga siraran zaruruwa, yana da santsi, maƙali yakan zame a kansa ya gangara har bakin ƙugiya. A naɗa shi sau ɗaya a jikin bakin maƙalin kafin a matse, ko a yi aiki da zaren roba. Bayan an maƙala kada a saki zare a guje, dalma za ta riga kifin roba faɗawa ƙasa su harɗe.

Lokacin cire dalma ne aka fi rasa kifi. Idan ta iso kan sanda, kada a tsayar da jirgi, kada kuma a bari zare ya yi sako-sako ko da na ƙiftawar ido. Mai riƙe da sanda ya ɗan ja baya, sandar tana lanƙwashe, abokin tafiya ya matsa maƙalin ya zare shi da hannu ɗaya. Idan mutum shi kaɗai ne, ya tokare gindin sanda a cinyarsa ya miƙa ɗaya hannun. A riƙa duba robar bakin maƙali, in ta cinye a sauya kada dalma ta suɓuce cikin ruwa, domin dalma guba ce ga tsuntsayen ruwa da ke haɗiye ta, akwai kuma ta ƙarfe ga mai son kauce wa hakan, sai dai ta fi girma a nauyi ɗaya, ruwa kuma ya fi tura ta.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatu