Kafin ka sa hannu, ɗana

Assalamu alaikum.

Ɗana, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙafar ma ta yi sauƙi, alhamdu lillahi.

Ba daga bakinka na ji ba, kuma abin ya sosa mini rai. Yayarka ce zancen ya suɓuce mata cikin hira, tana zaton na sani: wai wata uku ke nan da ka ajiye aikinka, kana neman kujerar shugaban sashen fasaha, har wani sabon kamfani ya kira ka ganawa sau biyu. Wata uku muna waya duk mako, in tambaye ka aiki ka ce mini "da godiya". Na san abin da ya sa ka ɓoye. Ka ɗauka zan ce ka yi gaggawa, in tono maka tsohon zance. To, ba zan ce ka koma ba. Shekara goma sha ɗaya kana rubuta manhaja, ka riƙe mutane a ƙarƙashinka, ba mai cewa kujerar ta fi ƙarfinka.

Tun da na ji nake ta karance-karance, ƙanenka yana buɗo mini a waya, ni kuma in sa tabarau in bi layi-layi. Na fahimci sunan ɗaya ne amma aikin kala-kala. A kamfanin mutum shida, shugaban fasaha da hannunsa yake rubuta manhajar, shi ake tasa da tsakar dare in komai ya tsaya. A kamfanin mutum dubu kuwa, yininsa a kan kasafin kuɗi yake ƙarewa, da ɗaukar ma'aikata, da yi wa daraktoci bayanin abin da ba su gane ba. Wanne kake nema a ciki? Na kuma lura da yawa daga manyan a cikin gida suka girma. Parag Agrawal ya shiga Twitter a 2011 yana injiniya, sai 2017 aka ɗora shi a kujerar. Andrew Bosworth tun 2006 yake Facebook, bai hau ba sai 2022. Kujerar amana ce, wanda aka sani ake bai wa. Saboda haka takardar neman aiki ɗari da za ka watsa a intanet ba za ta yi maka abin da mutum uku da suka taɓa aiki da kai za su yi maka ba. Ka koma wa tsofaffin shugabanninka, ka gaisa da masu zuba jari, ka bari dillalan da kamfanoni ke biya su nemo musu manyan ma'aikata su san da zamanka.

Duk wannan ka fi ni sani. Abin da ya hana ni barci daban ne.

An ce mini mutanen nan sun yi maka alkawarin hannun jari mai yawa da albashi kaɗan, kuma cikin mako guda suke son amsa. Ɗana, wanda ya yi wata uku ba albashi, kuma ransa ya ƙwallafa kan muƙami, bakinsa ba ya nauyi wajen cewa "to". Wannan "to" ɗin nake tsoro. Shugaban fasaha shi ne mai riƙe da makullan gidan. Kuɗin mutane, sirrinsu, lambobin da ake nuna wa masu zuba jari, duk ta cikin na'urorin da ke hannunsa suke bi. Ranar da mai kamfani zai so a karkata wani abu, ba zai iya da kansa ba. Ofishinka zai shigo, ya rufe ƙofa, ya dafa kafaɗarka.

Ka karanta labarin Gary Wang in ba ka karanta ba. Shi ne shugaban fasaha na FTX, kasuwar kuɗin kirifto (wato kuɗin intanet) da ta rushe a Nuwamban 2022. Yaro ne haziƙi, ya yi aiki a Google, kuma mai kamfanin, Sam Bankman-Fried, abokinsa ne tun suna ɗalibai. Da bakinsa ya gaya wa kotu a Amurka cewa an gyara manhajar yadda ɗaya kamfanin nasu, Alameda, zai riƙa ɗibar kuɗi ko da asusunsa ba komai, har aka buɗe masa ƙofar bashin dala biliyan 65. Kusan dala biliyan 8 na mutane suka salwanta. Maigidan an ɗaure shi shekara 25. Wang ya amsa laifi, ya ba da shaida, ya tsira daga kurkuku, amma har abada in an ambaci sunansa da wannan za a haɗa. Kafin shi akwai James Liang, injiniyan Volkswagen. Manhajarsu tana gane lokacin da ake gwada hayaƙin mota sai ta rage shi, a kan titi kuma ta sake shi; motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa. A 2017 aka yanke masa wata 40. Lauyansa ya nuna ba shi ne ya kitsa abin ba, amma hakan bai hana alƙali ɗaure shi ba.

Na san me kake cewa a ranka yanzu: Baba ya fara. E, na fara. Ina tuna ranar nan kamar jiya. Manaja ya turo fayil ɗin gabana, ya ɗora biro a kansa, ya ce, "Akanta, lamba ɗaya ce kacal, wata mai zuwa za mu daidaita." Na mayar masa da bironsa. Sauran ka sani, a gabanka aka yi. Shekara biyun nan, da makarantar da aka cire ka, da keken ɗinkin mahaifiyarka. Kuma ban manta abin da ka faɗa wa kawunka ba bayan ka girma, cewa taurin kaina ne ya ja muku. Ya iso kunnena, na haɗiye. Yau kam zan amsa maka. Waɗanda suka sa hannu a wannan fayil ka san inda suka kwana bayan masu bincike sun zo, ni kuwa a gidana na kwana, a gabanku. Ba ka da hurumin raina wannan. Kai da ka kasa gaya wa ubanka gaskiya wata uku a kan abin da bai kai ya kawo ba, don gudun ɓacin rai kawai, yaya za ka yi ranar da gaskiyar za ta ci maka kujera da hannun jari? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na yi zafi, ka yi haƙuri. Ban taɓa kama ka da ƙwandalar wani ba. Kunya ce da kai da son a rabu lafiya, halin mahaifiyarka ne, kuma a gida alheri ne. A wancan ofishin ne nake jin tsoronsa.

Don haka in sun sake kiranka, kai ma ka yi musu tambayoyi. Kuɗin da ke asusu wata nawa zai riƙe kamfanin in ba a sami ko sisi ba? Ka ce a nuna maka a rubuce. Wa ke binciken littattafansu daga waje? Kana da damar magana da daraktoci kai tsaye, ko komai sai ta bakin mutum ɗaya? In akwai wanda ya riƙe kujerar kafin kai, ka nemo shi ku zauna, ka ji abin da ya fitar da shi. Ka dubi fuskar mai kamfanin sa'ad da kake tambaya. Mai gaskiya daɗi yake ji, ɗayan kuwa zai fara duba agogo. Hannun jarin ma, a al'adar irin waɗannan kamfanoni a hankali ake mallaka maka shi cikin shekara huɗu, wanda ya tafi kafin shekara ta cika ba ya fita da komai, kuma takarda ce kawai har ranar da aka sami mai saye. Igiya ce da za ta iya ɗaure maka baki. Kada ka yarda da albashin da ba zai riƙe gidanka ba saboda ita.

In kuɗi ne ke matsa maka har kake jin dole ka amsa cikin mako, ka faɗa mini. Abin da na ajiye ba shi da yawa, amma zai ɗauke ku wata biyu ko uku, kuma ba bashi ba ne. Ka turo mini takardar yarjejeniyar kafin ka sa hannu. Manhaja ban san ta ba, amma takarda na shekara talatin ina karanta ta. Ka kuma kira mahaifiyarka ka gaya mata da bakinka, don har yanzu ban faɗa mata ba.

Allah ya yi maka albarka, ya zaɓa maka mafi alheri.

Mahaifinka.