Godiya ga ma'aikatan da suka ɗora mini injin ɗaga anga

Zuwa ga shugaba da dukkan ma'aikatan wurin gyaran jiragen ruwan da suka yi mini aiki,

Assalamu alaikum. Na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin duk mai ƙaramin jirgin ruwa ya san wuyar samun mai gyaran da zai tsaya ya saurare shi.

Jirgina ƙarami ne mai ɗaki ɗaya, kuma tun da na saye shi da hannu nake ɗaga anga, wato ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa da sarƙa don tsayar da jirgi. Sarƙata mai kaurin milimita 8 ce, kowace mita ta kusa kilo ɗaya da rabi. Ka durƙusa a goshin jirgi, ruwa na jijjiga ka, laka ta riƙe anga ta ƙi saki, kana ja bayanka na amsawa. Har ta kai ina gudun tsayawa a wurare masu zurfi. Da na yanke shawarar sa inji sai na shiga wata wahalar. Wani ya yanka mini kuɗin aiki ta waya, ko jirgin bai gani ba. Wani kullum sai "ka dawo gobe". Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne wanda ya nuna mini injin da ya fi girma a shagonsa ya ce in ɗauka, bai ko tambayi irin sarƙar da nake da ita ba. A fuskokinsu kana ganin aikin ƙaramin jirgi bai kai su ɓata lokaci ba.

Da wannan zuciyar na zo wurinku, sai aka haɗa ni da dattijon makanikinku. Bai yi zancen inji ba sam, sai da ya hau jirgin ya jawo sarƙa ya auna kaurinta da tsawon kowane zobe. Na ce, "Baba, ai duk sarƙa sarƙa ce." Ya yi murmushi ya ce, "A'a Yallaɓai, dabaran, wato abin da ke juyawa a jikin injin yana kama sarƙa, yana da gurabe, in zoben bai zauna daidai ba sai ta riƙa tsalle ko ta cije." Ya ba ni misali da sarƙa mai milimita 10, wadda a ma'aunin DIN 766 tsawon cikin zobenta milimita 28 ne, a ISO 4565 kuma 30, kuma wannan ɗan bambancin ya isa ya hana inji aiki. Ya ce tawa lafiyarta ƙalau, kada in sayi sabuwa. Wallahi na yi mamaki, don na riga na sa rai za a ce in canza komai.

Ya leƙa ramin ajiye sarƙa ya ga ba shi da zurfi. Sarƙa tana bukatar faɗowa aƙalla kamar santimita 30 kafin ta taɓa tulin da ke ƙasa, in ba haka ba sai ta taru ta toshe bakin ramin. Saboda haka ya zaɓa mini inji mai kwanciya, wanda motarsa ke sama, maimakon mai tsayuwa da zai cinye wurin.

Abin da ba zan manta ba shi ne ranar huda daɓen jirgin. Ya kira ni ya ce in zo in gani da idona. Katakon balsa mara nauyi da ke cikin daɓen, tsakanin shimfiɗar faiba ta sama da ta ƙasa, ya sha ruwa ta wani tsohon rami, ya yi baƙi ya yi laushi kamar soso. Da ya ga dama sai ya ɗaure noti a kai ya yi shiru, ni kuwa ba zan sani ba sai ranar da injin ya tumɓuke. Ya ƙwaƙule ruɓaɓɓen, ya bari ya bushe, ya cike da gam ɗin ifoksi, ya sake hudawa, sannan ya sa farantin ƙarfe ta ƙasa domin nauyi ya bazu. Wayar ma bai yi rowa ba. Inji mai wat 700 a batir mai bolt 12 yana jan wuta kusan amfiya 60, batirina kuma yana can baya, don haka ya ja waya mai kauri wadda gishiri ba ya saurin ci, ya sa abin yanke wuta dab da batir.

Da aka gama bai sallame ni haka nan ba, sai da muka fita ruwa tare. Ya koya mini in bar injin jirgi a kunne lokacin ɗagawa, in tuƙa a hankali zuwa kan anga maimakon in sa injin ɗaga anga ya jawo jirgin gaba ɗaya. In an tsaya kuma, igiyar nailan ce za ta ɗauki nauyi, kada a bar shi a kan dabaran. Ƙarshen sarƙa ya ɗaure shi da igiya, yadda in abu ya ɓaci wuƙa za ta raba ni da ita. Sauran aikin, su canjin mai da tacewa da fankar robar famfon ruwa da guntayen tutiyar da ke kare ƙarfe daga ci, duk an yi, an kuma miƙo mini tsofaffin kayan a jaka.

Abin takaici, wannan da ya kamata ya zama aikin yau da kullum shi ne ya zama abin mamaki. Wurare da yawa sun koma sayar da kaya kawai, ba awo, ba bayani, in ka yi tambaya a ɗauke ka mai raini. A ruwa kuwa sakaci yana iya cin rai, tunda ba gefen hanya da mutum zai tsaya ya jira taimako. Ina jin tausayin sabon mai jirgin da zai faɗa hannun irin waɗannan, ya biya kuɗinsa, ya tafi da daɓen da ke ruɓewa a ƙarƙashin ƙafarsa.

Ranka ya daɗe, ina roƙon ka isar da gaisuwata ga Baba, ka kuma bar yaran da ke koyon aiki su daɗe a ƙarƙashinsa. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi.

Naku,
Mai ƙaramin jirgin nan da kuka gyara wa goshi