Masu kayan mata, a daina liƙa hirar kwastoma a sitatus

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai albarka in yi magana da 'yan uwana masu sana'ar kayan mata da gyaran amare, da kuma matan da ke sayen kayanmu. Ni ma sana'ata ke nan a nan Gusau, a hannun kakata na gaje ta. A zamaninta mace kan bari sai bayan magariba ta ja mayafi ta shigo, ta faɗi damuwarta da murya ƙasa-ƙasa, a ƙulle mata abin da za a ƙulle, ta koma gida. Maganar da aka yi a ɗakin nan, a nan take kwana. Yau ciniki ya koma WhatsApp da Instagram da TikTok, kuma ba na raina hakan, domin ta nan nake samun masu saye daga Abuja da Legas har Maraɗi. Abin da nake ja da shi shi ne yadda muka mayar da komai rubutu, har da abin da bai kamata ya zauna a cikin waya ba.

Duba sitatus ɗin masu wannan sana'a da safe, za ka ga abin da nake nufi. An ɗauki hoton hirar wata baiwar Allah an liƙa: tana godiya, tana bayanin yadda tsimi ko gumba ko kazar amarya ta yi mata aiki, da abin da maigida ya ce, da kyautar da ya yi. An ja jan layi a kan sunanta, wai an ɓoye ta. Amma ga gefen hoton fuskarta a sama, ga lokacin da ta turo saƙon, ga salon rubutunta, ga sunan autanta da ta ambata a tsakiyar magana. Kishiyarta tana cikin masu kallon sitatus ɗin nan, ƙanwar mijinta ma haka, domin garin ɗaya ne kuma duk a wurin mutum ɗaya suke saye. Matar ta rubuta ne don tana ganin da Hajiyarta take magana, ba da duniya ba. Wannan cin amana ne, ko da ciniki ya ninka saboda shi. Wasu ma da kansu suke rubuta godiyar da wata wayar, su tura wa kansu, su liƙa. Wannan kuma ƙarya ce zalla, amma aƙalla ba a tona asirin kowa ba.

Za a ce mini ai WhatsApp a kulle yake, ko kamfanin ba ya iya karanta saƙo. Gaskiya ne, a kan hanya. To bayan ya sauka fa? Wayar matar aure ba tata ce ita kaɗai ba. Yara na buga wasa da ita, maigida kan ara ya yi kira, idan babu wuta ta wuni a shagon mai caji, idan gilashi ya fashe ta kwana wurin mai gyara, kuma shi ake ba lambar buɗewa. Tun 2021 aka kawo tsarin hoton da ake kallo sau ɗaya ya ɓace, amma wa zai hana a ɗauke shi da wata wayar? Saƙon murya kuwa ya fi haɗari, domin da dannawa biyu ya faɗa rukunin matan unguwa, kuma murya ba ta musuwa.

Shi ya sa ni ƙa'idata, duk abin da ya shafi jikin mace da ɗakin mijinta, a kira za mu yi shi. Idan ta fara rubutowa sai in ce, “'Yar uwa, dakata, bari in kira ki.” Na san tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025 kowa ke tattalin kati, don haka ni nake kira, ba na ɗora mata. Kira ma ana iya naɗarsa, ban ce ba a yi, amma sai mutum ya yi niyya. Rubutu kuwa yana nan a ajiye ko ba wanda ya nufa.

Kuma ba sirri kaɗai ba ne. A rubuce mace za ta ce, “Hajiya nawa ne haɗin amarya?” ka faɗi kuɗi, ta turo, shi ke nan. A kira kuwa minti uku sun isa in ji abin da ba za ta taɓa rubutawa ba. Ina tambaya: kina da juna biyu? Kina shayarwa? Kina da ciwon suga ko hawan jini? Yawancin haɗinmu zuma ce da dabino da rake da mazarƙwaila, ba a ɗura wa mai suga haka kawai. Sau da yawa wadda ta zo neman maganin ni'ima, idan ka saurare ta da kyau, ƙaiƙayi ne da warin gaba da ciwon mara ke damunta. Wannan sanyi ne, maganinsa na asibiti, ita da mijinta tare, kuma haka nake gaya mata ko da na rasa cinikin. A murya ne kuma nake gane yarinyar da ba ta isa ba, da ƙaton namijin da ya sa hoton mace yana kiran kansa amarya don ya ja ni da zancen banza. Irin waɗannan a rubuce sai su yi mako suna ɓata maka lokaci, da ka ce za ka kira sai su ɓace.

Kira yana da tasa fitinar. Duk wadda ta sa lambarta a talla ta san masu bugowa ƙarfe ɗayan dare suna numfashi. Layin sana'a daban, na gida daban, bayan isha'i a kashe. Maganar kuɗi kuma ban yarda a yi ta da baki ba. Farashi, lambar asusu, rasidin turawa, adireshi, lambar direban da aka ba saƙo a tasha, duk a rubuce, saboda ranar musu. Kada kuma a saki kaya don an ga hoton rasidi, sai an buɗe asusu an ga kuɗin sun zauna, domin alat na bogi ya zama ruwan dare. A jikin ƙullin da za a ba direba, suna da lamba sun wadatar, ba sai an rubuta abin da ke ciki ba.

Akwai Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta saka bayanin lafiyar mutum da na rayuwarsa ta auratayya cikin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman. Yawancinmu ba mu taɓa jin ta ba. Ina roƙonku, Malam Edita, ku tura wakilinku ga hukumar da ke kula da wannan doka, ya tambayo mana da Hausa: matar da ta ga hirarta a sitatus ɗin mai kayan mata ba da izininta ba, ina za ta kai ƙara, kuma za a saurare ta ba tare da sunanta ya sake fita ba?

Wassalam.

Daga wata mai sana'ar gyaran amare,
Gusau, Jihar Zamfara.