Sanarwa: neman tallafin gyaran wuraren shaƙatawa

Assalamu alaikum ƴan'uwa mazauna Ohio. Birninmu na shirin neman tallafin jiha na NatureWorks don gyara wuraren shaƙatawa. Masu zaɓe ne suka amince da asusun a 1993, kuma ma'aikatar albarkatun ƙasa ta jiha ke rabawa.

Ku lura, ba a ba da kuɗin tun farko. Birni zai fara kashe nasa, sannan a mayar masa da abin da bai wuce kashi 75 cikin 100 ba. Shi ya sa a ganina mu dage kan ƙananan ayyuka, kamar lilon yara da banɗaki.

Iyaye mata, ku kuka fi sanin inda ya lalace. Ku turo sunan wurin da hoto, mu haɗa mu kai wa majalisar birni. Don Allah banda dogon saƙon murya.