A Yi Rajista da Ofishin Jakadanci Tun Kafin Matsala Ta Taso

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin iyaye da ɗalibanmu masu karatu a ƙasashen waje. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, ofishin jakadancin Najeriya da ke Khartum ne ya tattara ɗalibai aka zuba su a motocin bas zuwa iyakar Masar, inda suka shafe kwanaki a rana da ƙishirwa kafin a bar su su ƙetara. Aiki irin wannan ba ya tafiya daidai matuƙar ofishin bai san adadin 'yan ƙasarsa da unguwannin da suke zaune ba.

Da yawanmu mun ɗauka aikin jakadanci ya tsaya ga biza, alhali shi ne ke bayar da takardar tafiya ta gaggawa idan fasfo ya ɓata, kuma yarjejeniyar Vienna ta 1963 ta ba wanda aka kama a ƙasar waje damar neman a sanar da jami'an ƙasarsa. Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Harkokin Waje ta sauƙaƙa rajistar ta intanet, ta kuma wayar da kai a kanta cikin Hausa.

Wassalam,
Mai karatu daga Kano