Dariyar da kuka yi wa dattijon nan ba ta dace ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya. Da ɓacin rai nake rubuto maka, kuma a kan shirinku na rediyo na daren Laraba ne. Dattijon nan da ya bugo waya ya ce kafin mutum ya haɗa jakar gudun ambaliya, ya fara tambayar ƙafafunsa ko za su kai shi tudu, shi kaɗai ne ya faɗi maganar da ta shafe mu a duk tsawon shirin. Sai mai gabatarwarku ya ƙyalƙyale da dariya, wai Baba so yake ya mai da mu 'yan tsere, aka katse shi, aka sako kiɗa. Haba! Ko da shirme ya faɗa, ai furfurarsa ta wuce a yi masa haka a kunnen duniya, balle gaskiya ya faɗa.

Shi kuwa baƙon naku an bar shi ya cinye rabin shirin yana jera mana kayan da za a zuba a jaka: tocila, batir, ƙaramar rediyo, bargo, magunguna, takardun haihuwa da katin ɗan ƙasa a cikin leda, da ruwan sha na kwana uku. Ban ce ya yi ƙarya ba. Amma ruwan kwana uku na gida guda, ya taɓa ɗaga shi kuwa? Lita ɗaya kilo ɗaya ce, jarka mai lita 20 kilo 20 ke nan, ban da nauyin ita kanta jarkar. Mu tara ne a gidana. Wa zai ɗauka, kuma zuwa ina? Daga jin maganarsa ka san a ransa mota ce za ta zo ƙofar gida, a buɗe bayanta a loda.

To, mu a Kusuri, garinmu na Kamaru da ke ƙetaren Njamena, mota ba ta zo ba. Ranar da rikicin makiyaya da masunta da ya taso daga wajen Logon-Birni ya shigo gari, a watan Disambar 2021, ranar da aka lalata kasuwar shanu, babu ɗan kilando, wato mai babur ɗin haya, da ya tsaya wa fasinja, kowa iyalinsa ya tafi kwashewa. Masu mota suka rasa ta inda za su bi saboda cunkoso. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce cikin 'yan kwanaki sama da mutum dubu 30 suka tsallaka Cadi, mafi yawansu mata da yara. Ka aiko wakilinka ya tambaye su da me suka isa bakin ruwa ko gadar Ngeli da ta haɗa mu da Njamena. Haka kuma a watan Fabrairun 2008, da 'yan tawaye suka shiga Njamena, a kan idonmu mutanen can suka yi ta kwararowa ta kan gadar nan da ƙunshi a ka.

Ni tela ne. Ƙafata ta shekara da shekaru tana taka keken ɗinki, amma ran nan ban yi nisa da unguwarmu ba numfashi ya fara sarƙe min, ga ɗan autana a kafaɗa. Maƙwabcina, wani Alhaji mai shagon atamfa, ya fi ni jiki, kuma nasa ya fi nawa muni. Silifas ɗinsa ɗaya ta tsinke, ya ci gaba da jan ƙafa ɗaya ba takalmi har tafin ya fashe. Daga ƙarshe ya zube gindin wani dogon-yaro, ya rungume jakar kuɗinsa a ƙirji, ƙaramar 'yarsa tana yi masa fifita da gefen mayafinta tana kuka. Abin da ke cikin jakar nan ya isa ya sayi babura goma, amma ko ɗaya babu na haya. Muna nan a kansa sai ga tsohuwar da ke kawo mana busasshen kifi ta zo ta wuce, tabarma da tukunya a ka, jikanta goye a baya, ba ta ko haki. Ta yi mana sannu ba tare da ta tsaya ba. Ta girme shi nesa ba kusa ba.

Wannan shi ne abin da dattijon yake son faɗa muku kuka hana shi. Ba da mutanen ƙauye yake ba, waɗanda kullum sai sun taka zuwa gona da rijiya da kasuwar mako. Da mu yake, 'yan birni masu zaman shago da tebur da mazaunin direba, waɗanda ko masallacin Juma'a sai a kan babur.

Ruwa kuma nasa daban ne. A damunar 2022, lokacin da Logon da Shari suka cika suka batse har shugaban Cadi ya kafa dokar ta-ɓaci a ranar 19 ga Oktoba, unguwar Waliya ta Njamena ta nutse a wancan ƙetare, mu ma a nan jinga ta ɓalle ruwa ya shigo unguwanni. Tafiya cikin ruwa iya gwiwa ba irin tafiyar da ka sani ba ce. Baƙar lakar nan tamu mai danƙo takan riƙe ƙafa, ka ciro ta da ƙyar ka bar takalmin a ƙasa, taku ɗari sai ka ji cinyoyinka na rawa. Ba ka ganin kwata, ba ka ganin ramin salga, dole sai da sanda kana dogarawa kana lalube. In ruwan mai gudu ne, ko bai kai gwiwa ba yana kayar da ƙato. Mahaifiyata ba ta iya tsayuwa, a kan ƙyauren ɗaki muka kwantar da ita, mu huɗu muka ɗauka, ni da ƙanena da samari biyu na maƙwabta. Kowane ɗan taƙi sai an tsaya saboda ni, ba saboda su ba, tana sama tana ce min in ajiye ta in huta, alhali babu busasshen wurin da za a ajiye ta. Kwale-kwale bai samu ba sai da muka kusa fita, shi ma da kuɗin da ba kowa ke da shi ba.

Kada ka ce abin ya wuce. A 2024 ambaliya ta kashe mutum 576 a Cadi, ta shafi kusan miliyan biyu. A jihar Arewa Mai Nisa ta nan Kamaru ta shafi sama da mutum dubu 400, kuma a watan Satumba gadar da ta haɗa ɓangarorin garin Yagwa ta karye. Kafin nan, a 2020, gadar Palar ta rufta a Marwa, a kan babbar hanyar da ke zuwa Mora da nan Kusuri. In gada ta tafi, motar da baƙonku yake jira a wancan gefen za ta tsaya.

Abin da ya fi ƙona min rai game da dariyar nan shi ne ta ƙara wa wata cuta da muke fama da ita ƙarfi, wato jin kunyar tafiya a ƙasa. Tun bayan abin da ya same mu na ɗauki al'adar fita bayan sallar Asuba, in bi bakin ruwa in zagayo ta kasuwa kafin in buɗe shago. Wallahi da na fara, sai ka rantse wani abin kunya na aikata. Wannan ya tsaya da babur ya ce, "Malam, lafiya? Naka ya lalace ne? Hau in kai ka." Wancan ya je ya gaya wa matata ko ciniki ne ya tsaya, a taimaka min da kuɗin mai. A garin nan in mai rufin asiri ya taka da ƙafa, karayar arziki ake fara zato. Tumbi kuwa shi ne shaidar samu. Mutumin da zuciyarsa ta fara raya masa ya fito ya riƙa takawa, ya ji an yi wa dattijo dariya a rediyo, kana tsammanin gobe zai fito?

Abin mamaki, mu jikokin matafiya ne. Yawancin Hausawan da ke zaune daga nan har Njamena da Abece, ko fatauci ne ya kawo kakanninsu ko hanyar Makka. Kakana daga ƙasar Haɗeja ya taso da niyyar hajji a ƙasa, lokacin Njamena tana Fort-Lamy, guzuri ya ƙare ya tsaya neman na gaba, aure ya riƙe shi. Abokan tafiyarsa suka wuce ta Wadai suka shiga Sudan, wasu sai bayan shekaru suka dawo. Yau jikansa ne ake yi wa jaje don an gan shi ya taka daga gida zuwa kasuwa.

Na matanmu kuma ya fi damuna, kuma ko sau ɗaya ba ku ambace su ba. Mace tana cikin gida shekara da shekaru, iyakarta tsakar gida da madafi, in za ta suna ko asibiti a ɗauko mata babur har ƙofa. Ran gudu kuma ita ce da goyo, ita ce da jan na biye da shi, wataƙila ga ciki. Ban ce a saki mata su yi ta yawo ba, kada wani ya juya min magana. Amma me zai hana maigida ya raka iyalinsa gidan 'yan'uwa da ƙafa bayan Isha'i, maimakon ya kira ɗan kilando? An yi zumunci, an motsa jini, kuma ta san hanya. Da yawa cikin matan unguwarmu ran nan ba su ma san ta ina ake bi a fita tudu ba. Da kun gayyato malami ɗaya ya yi wannan bayani, da ya fi mana jerin batir da tocila amfani.

Kuma ba wani abu mai wuya dattijon yake nema ba. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 ta ce a mako, wato rabin awa sau biyar, tafiya mai ɗan sauri wadda za ka ji ɗumi a jiki amma kana iya magana. Lafiyayyen mutum ba kaya yana cin kilomita huɗu zuwa biyar a awa, da yara da kaya kuwa ka raba biyu. In jiki ya saba, sai ka riƙa saɓa jakar nan da baƙonku ya ce a haɗa, da kayanta a ciki, ka ji ainihin nauyinta tun ana zaman lafiya. Ni da na gwada tawa, a ranar na rage rabin abin da ke ciki, na kuma sauya ta da mai hannu biyu ta goyawa, don hannu yana da aikin riƙe yaro da sanda. Takalmi ya zama mai ɗauri wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, don sabo fil yakan yi kanta da ƙuna tun ba a je ko'ina ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, ba mai hankalin da zai fita da tsakar rana, sai sanyin safiya ko bayan La'asar sakaliya. Mai hawan jini ko ciwon suga ya fara ganin likita, mai suga kuma ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum ya dawo, saboda ƙaramin rauni gare shi ba ƙarami ba ne. Duk wannan minti biyar ya isa a faɗe shi. Kun ba kiɗa fiye da haka.

Na ji mai gabatarwarku yana cewa kwashe mutane aikin hukuma ne. Ƙwarai kuwa, kuma ba mu yafe mata ba. A gyara jingar Logon da ta Maga tun da rani, a daina jiran sai ruwa ya zo a raba mana buhunan cika ƙasa, a gama hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusuri da aka shekara ana yi mana alkawari. Ku matsa musu, muna bayanku. Amma a daren da ruwa ya shigo ɗaki, kafin wani jami'i ya farka ya nemo man mota, mai ɗaukar tsohuwa da gurgu da mai naƙuda shi ne wanda ke kwance a gidan. In shi ma sai an ɗauke shi, to, an sami kaya biyu.

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da wannan. Layin wayarku yana cinye mana kuɗi. Mutum ya bugo, a ɗaga, a bar shi yana jin shirin ta cikin waya har katin sefa 500 ya ƙare, ba a sa shi ba, ba a kuma ce masa ya ajiye ba. In layi ya cika, ku bar shi ya yi ta ƙara mana. Sa'annan duk ranar da ake ƙwallo ko wani babba zai yi jawabi, shirin Hausa ne ake yankewa ba sanarwa, ba kuma a maimaita shi. Ba mu taɓa jin an yanke na Faransanci ba.

Lambar dattijon tana nan cikin wayarku. Ku neme shi, mai gabatarwa ya ba shi haƙuri a iska kamar yadda ya yi masa dariya a iska, a bar shi ya ƙarasa maganarsa. In kuma kun ga wasiƙar nan ta yi tsawo, ku yanke inda kuka ga dama, amma ban yarda a cire zancen mata ba.

Wassalam.

Mai sauraronku,
wani tela daga Kusuri